Mashin Ramlat

A gidan su Hadizatu da ke unguwar Dogo Nini a Potiskum, ita ce mace ta farko da ta taɓa riƙe mashi ta jefa. Amma in ka shiga gidan yau ka tambaya, babba da yaro za su ce maka Ramlat ce.

Ramlat 'yar baffanta ce, Baffa Halliru, kuma Hadizatu ta girme ta da shekara biyar. Suna yara, duk kaka akan kwashe su zuwa gonar gidan da ke hanyar Nangere su taya tattara dawa. A lokacin malamin wasanni ya fara koya wa su Hadizatu jifan mashi a makaranta, abin ya shige mata rai. Sai ta zaɓi kara mai kauri, ta fiƙe bakinsa, ta manna masa laka don ya yi nauyi, ta yi ta jifa har kafaɗarta ta gaji. Wata rana Ramlat, tana 'yar shekara tara, ta kafe sai ita ma ta gwada. Hadizatu ta jera mata yatsu a jikin karan, ta ɗaga mata gwiwar hannu, ta ce, "Ba wurgi za ki yi kamar mai korar akuya ba. Daga baya za ki janyo shi, ya wuce ta saman kunnenki." Kaka biyu suna haka.

A ta uku Baffa Halliru, wanda ma'aikacin jinya ne, ya samu aiki a Birmingham ya kwashi iyalinsa suka tafi.

Hadizatu ta ci gaba da abinta. Tana da shekara sha bakwai ta je Damaturu gasar makarantu, ta jefa mita arba'in da uku, ta dawo da lambar zinare a wuya. Aka rubuta sunanta cikin waɗanda za su shiga sansanin horo don gasar ƙasa. Kafin ranar tafiya ta zo, tashin hankali ya mamaye yankin, aka rufe makarantu, hanya ta zama abin tsoro, mahaifinta ya ce ko bakin gari ba za ta leƙa ba. Lokacin da ƙura ta lafa, ba wanda ya ƙara tada maganar sansani. Ta yi kwalejin ilimi, ta auri Abbas mai shagon kayan gyaran tirela, ta haifi biyu, ta zama malamar wasanni a wata makarantar 'yan mata mai zaman kanta. Mashi biyu ne a makarantar, ɗaya ya lanƙwashe.

A daidai shekarun nan ne hotunan Ramlat suka fara shigowa zauren sada zumunta na dangi a waya. Ga ta cikin doguwar rigar wasa da ɗankwali mai kama kai, tutar Birtaniya a ƙirjinta. Mita arba'in da takwas a gasar matasa. Hamsin da biyu. Hamsin da bakwai, ta zo ta biyu a duk ƙasar. An yi mata aiki a gwiwar hannu ta yi shekara ba ta jifa, ta dawo ta haura sittin. Kowane hoto ya shigo, dangi sai su cika wayar da kabbara da addu'a. Hadizatu kan rubuta "Masha Allah", ta kife wayar a kan katifa. Sauran dangi lambobi kawai suke gani. Ita kaɗai ta san nisan da ke tsakanin arba'in da uku da sittin, don ta sha auna shi da tafin ƙafarta a filin makaranta bayan an tashi.

Abin da ya fi tsaya mata a wuya wata hira ce da aka yi da Ramlat a talabijin ɗin can. Aka tambaye ta yadda ta fara. Ta yi dariya ta ce wata malamarsu Baturiya ce ta gan ta tana jefa ƙwallo, ta miƙa mata mashi, ranar ta fara riƙe shi a duniya. Hadizatu ta kalli hirar nan sau bakwai, kowane karo tana jiran ko za a ambaci Potiskum, ko gona, ko wata yaya. Ba a ambata ba.

Ranar wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai, wata Asabar da la'asar, dangi suka taru a falon kakarsu, Inna Mairam. Abbas ya kawo janareta daga shago. Mata suka cika tabarma, maza suka tsaya ta taga. Tunda Hadizatu ce ta san wasan, ita aka sa ta yi bayani.

"Kowacce jifa shida gare ta, wanda ya fi nisa shi ake ɗauka. Kun ga farin layin can? In ƙafarta ta taɓa shi, alƙali zai ɗaga jar tuta, jifan ya lalace ko da ya kai garin Fika."

"To Allah ya tsare mana ƙafar Ramlatu," in ji Inna Mairam, tana jan carbi.

A jifa na huɗu Ramlat ta yi sittin da ɗaya da 'yan kai, ta hau matsayi na uku. Falon ya ɗauki guɗa. Wata gwaggo ta rungume Hadizatu tana kuka, ita kuwa jikinta ya sandare kamar itace. A zagayen ƙarshe wata doguwar 'yar Jamus ta fito, ta saki mashi, ya wuce na Ramlat da abin da bai kai kamu ɗaya ba. Ramlat ta sauka ta huɗu. Babu lamba.

Hadizatu ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, irin na mai azumi da ya kurɓi ruwa. Ta tashi da sauri ta nufi randa a tsakar gida don kada a ga fuskarta. Tana cikin shan ruwan da ba ta jin ƙishinsa, Abbas ya zo duba man janareta. Ya dube ta ya daɗe.

"Maman Amir, lafiya?"

"Tausayinta nake ji."

"Uhm," in ji shi, ya ci gaba da abin da ya kawo shi.

Bayan wata biyu, da ruwa ya ɗauke, Ramlat ta zo gida ganin Inna Mairam, karo na farko cikin shekara sha biyar. Ta fi yadda take a hoto tsawo, kafaɗunta kamar na mai dakan haya. Hausarta ta yara ce, tana laluben kalmomi, wani lokaci ma ta ce wa mace "ka". Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Hadizatu, ta kira ta Yaya, ta ba ta takalman gudu sababbi. Hadizatu ta so a ce ta zo da girman kai, da ta samu abin kamawa. Ba ta zo da shi ba.

Labari ya kai kunnen shugabar makarantarsu, Madam Ursula, wata 'yar Binuwai da ta shekara ashirin a Potiskum. Ta kira Hadizatu ofis.

"Malama, ashe 'yar'uwarki tana gari ba ki faɗa mana ba? Ki kawo ta ranar Alhamis yaranmu su ga jifa da idonsu."

"Madam, hutu ta zo yi. Kocinta ya hana ta taɓa mashi."

Ƙarya ce, kuma ba ta yi kwana biyu ba. Madam Ursula ta tafi gidan Inna Mairam da kanta, Ramlat ta amsa da murna. Ashe ma da mashinta biyu ta zo, cikin doguwar jaka, da niyyar ta bar wa makarantar Yaya.

Ranar Alhamis da hantsi ɗalibai suka jeru a gefen fili, malamai a kan benci ƙarƙashin darbejiya. Hadizatu da kanta ta ja layi da farar ƙasa, ta ɗauko tef ɗin awo, ta yanke jan ƙyalle da fari ta ɗaura a sanda. Ita ce alƙaliya. Madam Ursula ta yi jawabi mai tsawo, ta kira Ramlat "abin alfaharin Potiskum" har sau uku. Sunan Hadizatu ya fito sau ɗaya, lokacin da aka ce ta matsar da yaran baya.

Ramlat ta yi 'yan tsalle-tsalle, ta miƙe hannuwa, ta yi jifa biyu a hankali. Hamsin da ɗaya, hamsin da huɗu. Yaran suka yi ta ihu. Hadizatu ta lura da Ummukulthum, ɗalibarta da ta fi kowa hannu, wadda ta shekara biyu tana koya wa, ta buɗe baki tana kallon Ramlat da wani irin kallo da ba ta taɓa yi wa malamarta ba.

A jifa na uku Ramlat ta ja baya sosai, ta tafa hannu sama, yaran suka ɗauki tafi tare da ita. Ta taho da gudu, ta juya gefe, ta dasa ƙafar hagu, ta saki mashin da wata ƙara daga ƙirji. Hadizatu ba ta taɓa ganin abu mai kyau irin wannan da idonta ba. Mashin ya hau sama yana rawar jela, ya ƙi saukowa, ya wuce tulin yashin da ke ƙarshen fili, ya cake dab da katanga. Ko ba a auna ba ta san ya kusa sittin. Ƙafar Ramlat ta tsaya bayan layi da faɗin tafin hannu. Hadizatu tana kallonta sarai.

Ta ɗaga jar tuta.

Ihun ya mutu a hankali. Madam Ursula ta miƙe. "Malama, me ya faru?"

"Ta taka layi," in ji Hadizatu. Ta matso ta nuna wurin da ƙafarta, kuma a wajen nunawar ta shafe farar ƙasar. "Doka doka ce, Madam. Gara yaran su koya tun yanzu."

Ramlat ta dubi ƙasa, ta ɗago ta dubi Hadizatu. Sai ta juya ga ɗaliban ta ce, "Malama ta yi gaskiya, in alƙali ya ɗaga ja, ba a gardama." Ta je ta zare mashin da kanta ba a auna ba.

Da aka tashi, yara suka watse, Hadizatu ta shiga ɗakin ajiyar kayan wasa tana naɗe tef. Ramlat ta shigo ta jingina mashin nan biyu a bango, ta tura ƙofar.

"Yaya, ban taka ba."

"Ni ke tsaye a wurin."

"Ni ke da ƙafar. Shekara goma sha biyu ina wannan abu, na san inda nake tsayawa. Ban damu da jifan ba, ba gasa ba ce. Amma me na yi miki?"

Hadizatu ta yi niyyar ta ce ba komai. Bakinta ya ƙi.

"Wa ya fara koya miki riƙon mashi?"

"Malamarmu ta can, Misis..."

"Ƙarya kike yi! Ni ce. A gonar hanyar Nangere, da karan dawa. Ni na jera miki yatsu, ni na ɗaga miki gwiwar hannu. Kaka biyu! Kika zauna a gaban duniya kika ce Baturiya ce ta fara ba ki. Ko sunan garinku kin kasa faɗa."

Ramlat ta ƙifta ido. Hadizatu ta jira ta ga kunya a fuskarta, ko ta ji ta kawo uzuri, ta ce Turawa ba za su gane ba, ta ce an yanke hirar. Duk ta shirya amsarsu tun shekaru.

"Wallahi Yaya ban tuna ba," in ji Ramlat a hankali. "Gonar na tuna. Na tuna kunama ta harbe ni, wani ya goya ni har bakin titi. Amma kara... ban tuna ba sam."

"Ni na goya ki."

"Ke ce?"

Hadizatu ta zauna a kan buhun ƙwallaye. Da Ramlat ɓoyewa ta yi da gangan, da ta san abin yana da girma a wurinta har ta ɓoye shi. Ashe ita kaɗai ta yi ta dakon kakar nan biyu. Ta rasa inda za ta sa fushinta, sai ta fashe da kuka, irin mai fitowa da majina, ba kyan gani. Ramlat ba ta rungume ta ba, ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta tsaya har ta gama. Sannan ta ɗauki mashi ɗaya ta miƙa mata.

"Inna ta ce kin ci zinare a Damaturu. Ban taɓa ganin kin jefa ba. Zo ki nuna mini."

"Shekara nawa rabona da jifa na gaske? Haihuwa biyu."

"Ba kowa a fili."

Rana ta take, filin ba kowa sai awakin maigadi. Hadizatu ta ɗaure zani a kan wandon wasa, ta cire takalmi. Mashin Ramlat ya zauna a hannunta daram, igiyar riƙonsa ba ta zamewa, ba kamar na makaranta ba. Ta taho ta jefa. Talatin da huɗu.

"Sake," in ji Ramlat. Muryarta ta canja, ta daina laluben kalmomi. "Ƙafar hagunki tana lanƙwashewa. Ki dasa ta kamar turmi, jikinki ya bi ta kanta. Kuma kina saurin sakin hannu, ki bar shi a baya har sai ƙugunki ya juya."

Ran Hadizatu ya sosu, yarinyar da ta goya ce ke gyara mata tsayuwa. Amma ta yi yadda aka ce. Talatin da shida. A na biyar ta ji abin ya haɗu tun daga ƙafa har yatsu, mashin ya fita da wani sauti da ta manta da shi. Ramlat ta ja tef. Talatin da tara da rabi.

Ramlat ta dawo tana girgiza kai. "Ba takalmi, ba horo, shekara talatin da ɗaya. Yaya, hannunki ya fi nawa sauri. Ni ƙarfi aka gina mini a ɗakin ɗaga ƙarfe. Da ke kocina ya samu kina sha bakwai, da yanzu ba a maganata."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, tana ganin kyauta ta ba ta. Hadizatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Duk shekarun nan takan lallashi kanta da cewa wataƙila ko ta je sansanin ba za ta kai ko'ina ba. Yanzu wadda ta san abin ta ƙwace mata wannan ma.

"Allah bai yi ba," ta ce, ta sunkuya tana neman takalminta.

Ramlat ta koma Ingila bayan kwana shida. Ba ta faɗa wa kowa maganar tuta ba. Kafaɗar Hadizatu ta yi mako biyu tana ciwo, ko tulu ba ta iya ɗagawa, ta ce wa Abbas kwanciya ce ta yi ba daidai ba. Madam Ursula ta sa aka wanke babban hoton Ramlat aka rataye a ɗakin malamai, daidai saitin teburin Hadizatu. Washegari ta juya teburin ta ba hoton baya, ta ce hasken taga ke damun idonta.

Mashin nan biyu ta kulle su a ɗakin ajiya. Ummukulthum ta yi ta naci, ta ce mata sai ta iya da tsohon tukuna. Sai da zango ya kusa ƙarewa ta fito da ɗaya ta ba yaran. Ɗayan ta riƙe. Ta fara zuwa makaranta da sassafe kafin a buga ƙararrawa, ta yi jifa goma, ta auna, ta share sawunta, ta mayar da mashin. Maigadi kaɗai ya sani.

Da aka buɗe gasar jiha ta manya a shekarar da ta biyo, ta ce wa Abbas tana so ta shiga. Ya ajiye cokali ya dube ta.

"Da 'yan shekara ashirin za ki kara?"

"Da su."

"Don Ramlat?"

"Don ni," ta ce. Shi da ita duk sun san rabin gaskiyar ke nan. Ya kai ta Damaturu a motarsa, ya zauna a rana yana riƙe da jakarta. Ta jefa arba'in da ɗaya, ta zo ta uku cikin mata bakwai.

Ba ta sa a zauren dangi ba. Abbas ne ya tura wa Ramlat bidiyon ba da saninta ba. Suna hanyar dawowa, sun wuce Damagum, saƙon murya ya shigo wayarta, minti huɗu. Ta danna. Ramlat ta yi ihun murna na daƙiƙa biyar, sannan ta ce, "Amma Yaya, gwiwar hannunki ta faɗi a taku na ƙarshe, kuma kin kalli ƙasa. Mita uku kika zubar a nan."

Hadizatu ta kashe saƙon ta ja tsaki. "Ji yarinyar nan. Tagulla na ci, ita ta huɗu ta zo, amma ni take wa gyara."

Abbas ya yi dariya har motar ta yi tangaɗi. Ita ba ta yi ba. Ta kalli gonaki ta taga, fuska a murtuke, har suka hango tirelolin da ke jere a bakin Potiskum. Sannan ta ɗauko wayar, ta mayar da saƙon zuwa farkonsa, ta kara a kunne ta saurare shi har ƙarshe.